LIKITA MILA NA ZARIYA: BAƘON DA YA SHEKARA HAMSIN A ƘASAR HAUSA

Da farko ina godiya ga malaman da ke kula da wannan mujalla tamu, da suka ba ni fili in kawo tarihin wani mutum wanda ya rasu tun kakanninmu suna samari. Na san wasu daga cikin iyayenmu za su yi mamakin abin da ya kai ɗan Musulmi, haifaffen Maiyama, mai karatu a Jega, ga ba da tarihin Baturen mishan. To, bari in fara da faɗin dalili.

A zangon karatun da ya wuce wata 'yar rigima ta tashi a ɗakin kwananmu. Muna da wani aboki mutumin Zuru, Kirista, wanda muke cin tuwo kwano ɗaya da shi tun muna aji ɗaya. Ran nan da dare muka tarar da shi yana karanta littafin addininsu, ga shi kuwa da Hausa aka rubuta shi, har da sunan Allah da na annabawa a ciki. Sai wasu daga cikinmu suka ce ai Hausa harshen Musulmi ce, shi ba shi da rabo a cikinta. Ba zan ɓoye ba, ina cikin waɗanda suka fi ɗaga murya. Magana ta yi zafi, kwano ya rabu biyu, muka yi mako biyu ko gaisuwa ba ta haɗa mu.

Ashe labari ya kai kunnen malaminmu na Hausa. Bai kira kowa ya yi masa faɗa ba. Sai dai ya shigo aji riƙe da littafin Jiki Magayi, ya ce mu dubi sunayen waɗanda suka wallafa shi, watau Rupert East da John Tafida. Ya tambaye mu ko mun taɓa tunanin yadda aka yi mai suna Tafida ya zama John. Aji ya yi tsit. Ya ce amsar tana Wusasa, kusa da birnin Zariya, kuma ba a ba da labarin Wusasa sai an ambaci Likita Mila. Daga nan ya dube ni, ya ɗora mini aikin binciko tarihin mutumin. Ga abin da na samo.

ASALINSA

Sunansa na yanka Walter Miller, Hausawa suka mai da shi Mila. An haife shi a Ingila a shekarar 1872, ya yi karatun likita a wani babban asibiti na London mai suna St Bartholomew. Da ya gama, maimakon ya zauna gida ya nemi kuɗi da aikinsa, sai ya shiga ƙungiyar mishan ta cocin Ingila wadda ake kira C.M.S.

A wancan zamani labarin Hausawa ya cika kunnen Turawan mishan. Sun ji cewa mutane ne masu yawa, masu birane da kasuwanni da rubutu, kuma ana jin harshensu tun daga Gwanja har Tarabulus. Sai suka yi lissafi cewa in Hausawa suka karɓi addininsu, to fatake za su yaɗa shi duk inda suka sauke kaya. Abin da ba su auna sosai ba shi ne, Musulunci ya yi ɗaruruwan shekaru da kafuwa a ƙasar, ga shi kuma jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai ko cika shekara ɗari ba.

Tun da yake ba a shiga gari sai da bakin mutanensa, Mila ya tafi Tarabulus, can bakin bahar, domin ya koyi Hausa wurin fatake da maniyyata da ke yada zango a can. A nan ya haɗu da wani yaro mai suna Audu, wanda ke kan hanyar Makka. Yaron ya taimake shi ƙwarai wajen koyon harshe, daga baya kuma ya biyo shi ƙasar Hausa. Watau malamin Mila na farko a Hausa ɗan Musulmi ne mai niyyar aikin hajji.

TAFIYAR KANO

A farkon shekarar 1900 su biyar suka taso daga Ikko, watau Legas, shugabansu Bishof Tugwell, suka nufo Kano. A ranar 1 ga Janairu ta wannan shekara ce Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, amma a lokacin Kano da Sakkwato da Gwandu duk suna cin gashin kansu. Da suka iso Zariya, Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da fara'a. Shi ma yana da tasa damuwar, domin Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, ya matsa wa ƙasarsa da hari, yana kuwa ganin abota da Turawa za ta yi masa rana.

A Kano labari ya sha bamban. Sun doshi birnin ba tare da an gayyace su ba. Da aka kai su gaban Sarki Alu, suka yi bayani cewa magani suka kawo da makaranta. Sarki ya nuna musu Kano tana da malamanta da Littafinta, ba ta bukatar wani, ya kuma ba su 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu su fita. Akwai abin lura a nan. Ko da yake Sarki ya fusata, kuma babu soja ko ɗaya tare da su, ba wanda ya taɓa lafiyarsu. An ƙi abin da suka kawo, amma an bar su sun fita da ransu da kayansu.

Suka komo ƙasar Zazzau, suka zauna a wani gari wai shi Girku. Nan wahala ta ce salamu alaikum. Ɗaya daga cikinsu ya rasu, wani ciwo ya mai da shi gida, gobara kuma ta cinye masaukinsu. A ƙarshe dole suka janye zuwa Loko a bakin Binuwai. Da wani ne, da daga nan ya haƙura. Mila kuwa mutum ne mai naci, abin da ya sa gaba sai ya ga ƙarshensa. A shekarar 1902 ya sake dawowa.

ZAMANSA A BIRNIN ZARIYA

Bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a shekarar 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addininsu ba. Wannan alkawari ya shafe mu nan ƙasar Gwandu, shi ya sa aka daɗe ba a bar 'yan mishan sun kafa gida a garuruwan Musulmi ba. Zariya ce ta fita daban, saboda Mila ya riga ya shigo ƙasar, kuma yana da fada wurin Gwamna. A shekarar 1905 ya tare cikin birni, a zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, ya zauna tsakiyar Musulmi fiye da shekara ashirin.

Yakan sa riga da rawani, yana kuma jin Hausa kamar jakin Kano. Ya buɗe ɗakin shan magani, masu gyambo da ciwon ido da zazzaɓi suna ta zuwa. Mutanen birni suka gane hannunsa yana da sauƙi, suka sha maganinsa, suka yi masa godiya, in an kira salla kuma suka tashi suka tafi masallaci. Ya kuma riƙi waɗansu yara da aka ƙwato daga bauta, ya rene su kamar 'ya'yansa, gama shi bai taɓa aure ba. Wasunsu har sunansa suka ɗauka.

Babban burinsa shi ne ya buɗe makaranta ta 'ya'yan sarakuna da malamai. Lugga ya goyi bayansa, amma abin bai yi nisa ba, domin Mila ya ƙi raba karatun da koyar da addininsa, iyaye kuwa suka ƙi ba da 'ya'yansu a kan haka. Ganin haka gwamnati ta ɗauki aikin da kanta, ta sa Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a shekarar 1909, inda ba a taɓa addinin yara.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu duka, har da wannan takarda da kuke karantawa. Mila yana cikin waɗanda suka ba gwamnati shawara a riƙa rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa, watau boko, a bar ajami. Shawarar ta karɓu. Amfaninta a fili yake, gama da boko aka buga littattafai da jaridun da muke karantawa. Amma ta zo da hasara. Mu mutanen ƙasar Gwandu, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mun gaji rubuce-rubuce masu yawa da baƙaƙen Larabci, ga shi yau da yawa cikinmu 'yan makaranta in an miƙo mana waƙar ajami sai mu yi ta kame-kame. Malamin da ya yi shekara talatin yana karatu aka wayi gari ana lissafa shi cikin marasa ilmi don bai iya boko ba.

ISAWA DA GARIN GIMI

Shekaru suna ta wucewa, waɗanda suka bi addinin Mila cikin birni ba su taka kara sun karya ba. Sai a shekarar 1913 waɗansu baƙi suka zo masa daga ƙauye. Su jikokin almajiran wani malami ne na Kano, Malam Ibrahim, wanda a ƙarni na 19 ya duƙufa kan nazarin abin da aka faɗa game da Annabi Isa, alaihissalam, har koyarwarsa ta saɓa da ta sauran malamai, aka yanke masa hukuncin kisa. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse zuwa wajen Ningi da gefen ƙasar Zazzau. Waɗansu daga cikin zuriyarsu ne suka nemi Mila, suka karɓi addininsa.

Aka kafa musu gari a wani wuri mai suna Gimi, da gonaki da makaranta. Mila ya ga kamar haƙarsa ta cim ma ruwa. Ashe wurin yana da ƙudan tsando. Ciwon barci ya faɗa wa garin, ya kashe mutane da yawa, likita yana ji yana gani, gama a lokacin maganin cutar bai samu sosai ba. Dole aka tashi daga Gimi, aka kwashe yaran da suka tsira zuwa Zariya. Daga cikin zuriyar waɗannan mutane ne aka sami waɗansu manyan ma'aikatan Arewa, kamar yadda za mu gani.

SAƁANINSA DA FADA

A nan ne na ga inda Mila ya yi tuntuɓe. Mutum ne mai kaifin harshe, ba ya ganin abu ya yi shiru. Ya riƙa kai ƙarar Sarki Aliyu wurin Turawan mulki, yana zarginsa da zaluntar talakawa da ci gaba da harkar bayi a ɓoye. Sarki Aliyu kuwa ba ƙaramin mutum ba ne, malami ne, kuma mawallafin waƙoƙi wanda har yau ake nazarinsa. A ƙarshe Turawa suka tuɓe shi, suka kai shi Lakwaja, can ya rasu. Mila yana ganin talakawa yake kare wa. Amma mutanen birni da yawa abin da suka gani shi ne, baƙon da aka ba masauki ya haɗa kai da 'yan'uwansa masu bindiga an fitar da mai gida. Daga ranar, duk wa'azin da zai yi sai a ji shi da muryar Razdan.

Wani abu ya ƙara dagula ruwan. A shekarun 1920 'yar'uwarsa Ethel, wadda ita ma aikin mishan ya kawo ta, ta buga wata 'yar takarda mai ɓatanci ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ran Musulmi ya ɓaci ƙwarai, har gwamnatin Turawa kanta ta ji tsoron abin da zai biyo baya. Takarda guda ta rushe amanar da aka yi shekaru ana ginawa da magani da jinya.

Daga bisani fada da gwamnati suka ga ya fi kyau mishan ta fita daga cikin ganuwa. A shekarar 1929 aka koma Wusasa, a gindin dutse, yamma da birni. Aka gina makaranta da asibiti da coci. Cocin kuwa da ƙasa aka gina shi, ginin Hausa sosai, aka sa masa suna St Bartholomew.

LITTAFI DA ALMAJIRAI

Aikin da ya fi cin ran Mila shi ne fassara littafin addininsu zuwa Hausa. Ya yi shekaru masu yawa a kansa, tare da waɗansu 'yan mishan da kuma Hausawan da suka riƙa gyara masa magana. A shekarar 1932 aka buga shi cikakke, da suna Littafi Mai Tsarki. Da masu fassarar suka zo kan sunan Mahalicci, kalmar da kowane Bahaushe ya sani suka ɗauka, watau Allah. Abin mamaki, littafin bai sami masu karatu da yawa a biranen da aka yi shi dominsu ba. Inda ya sami kasuwa shi ne wurin ƙabilun Filato da kudancin Zariya da irin su Zuru, waɗanda Hausa ce ke haɗa su da juna. Ta haka Hausa ta zama harshen coci a Arewa. Littafin da na gani hannun abokina ran nan jikan wannan aiki ne.

Almajiran da suka fito daga makarantar Zariya da Wusasa ba su da yawa, amma sun yi tasiri. Akwai John Tafida da muka fara da shi. Akwai Dokta Barau Dikko, Bafulatani, wanda ya yi karatu a Birmingham ya zama likita na farko ɗan Arewa. Lokacin da 'yan boko suka taru a Kaduna a shekarar 1949 suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, shi suka zaɓa shugaba, alhali kuwa yawancinsu Musulmi ne, cikinsu har da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Imam. Akwai babban asibiti a Kaduna mai sunansa. Akwai Farfesa Ishaya Audu, daga zuriyar Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma, wanda ya mulki Nijeriya a waɗannan shekaru, a Wusasa ya tashi.

ƘARSHEN RAYUWARSA

A shekarar 1935 Mila ya ajiye aiki da C.M.S. Ya koma Ingila, amma zama bai yi masa daɗi ba, ya sake dawowa Nijeriya. Ya rubuta littattafai da Turanci, inda ya soki yadda Turawa suka jingina mulkinsu ga sarakuna da En'e, suka bar talaka cikin jahilci. Har tsufansa harshensa bai dakushe ba. Ya rasu a Bukuru kusa da Jos a shekarar 1952, yana da shekara 80. Ya zo da niyyar juya ƙasar Hausa gaba ɗaya, ya tafi ya bar ta tana salla kamar yadda ya same ta.

ABIN DA NA FAHIMTA

Da na gama haɗa wannan tarihi na zauna na yi tunani. Ni Musulmi ne, ban yarda da abin da ya kawo Mila ƙasarmu ba, kuma na ji daɗi da kakanninmu suka riƙe addininsu. Amma na lura da yadda suka riƙe shi. Sarkin Kano ya ce a'a, bai zub da jini ba. Mutanen Zariya sun zauna da mutumin nan fiye da shekara ashirin, suna gaisawa, suna shan maganinsa, addininsu bai ragu da ko ƙwayar gero ba. Ashe wanda ya san abin da ya riƙa ba ya tsoron maƙwabci.

Ta wajen Mila kuma, duk abin da ya miƙa da hannun alheri, kamar magani da makaranta da renon marayu, an karɓa, har yau ana cin amfaninsa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Abin da aka nemi cusawa da ƙarfin gwamnati ko da baƙar magana kuwa, babu abin da ya haifa sai ƙiyayya. Wannan darasi bai tsaya kan Kirista kaɗai ba. Mu ma da muka taru a kan yaro ɗaya cikin ɗakin kwana don muna da yawa, hanyar da ta kā da Mila muka bi.

Ba sai mun je Zariya ba kafin mu ga misali. Ga Aliero nan kusa da mu, garin albasa da masu ɗori. Ana kawo musu masu karaya daga nesa, Musulmi da Kirista, ban taɓa jin mai ɗori ya tambayi addinin ƙashi kafin ya ɗaura karare ba. Ga kasuwar Jega, inda Bahaushe da Bazabarme da Bayarabe da Ibo da Badakkare suke ciniki, yawanci kuwa da Hausa. Harshen da ya ɗauki wannan jama'a duka bai ƙanƙance ba don wani ya yi addu'a da shi. Malaminmu na addini ma ya sha gaya mana cewa maƙwabci yana da hakki a kanmu ko da ba addininmu ɗaya ba.

Kafin in miƙa wannan rubutu, na nemi abokina mutumin Zuru na ba shi ya karanta. Ya gyara mini wuri biyu inda na rubuta sunayen coci ba daidai ba, ni kuma na roƙe shi gafara. Bai zama Musulmi ba, ban zama Kirista ba, har yanzu in gardama ta tashi kowa yana kan bakansa. Amma kwano ya koma ɗaya. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, su kuma kwana baki ɗaya.

Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, in wani ya zo mana da maganar da za ta raba mu, mu tsaya mu bincika tukuna, gama rashin sani ya fi dare duhu. Iyayenmu kuma ina roƙonsu su riƙa ba mu tarihin ƙasarmu, mai daɗi da marar daɗi. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.